Makullin Katsankat

Makullin ya karye a hannun Zubair daidai lokacin da jami'in kwastan ya ɗaga musu sandar shinge ya ce su wuce.

Ƙarar ba ta fi ta karyewar tsinken ashana ba, amma Sa'adiyya ta jiyo ta daga kujerar baya. Ta leƙo ta saman kafaɗar ƙanen nata. Kan makullin na tafin hannunsa, tare da tsohuwar igiyar fatar da ke ɗaure da shi. Sauran rabin ya maƙale can cikin rami, a gindin sitiyari.

Mahaifinsu, Malam Ummaru, yana zaune a gaba, hannunsa na dama da ya shanye yana kwance a kan cinya. Ya kalli guntun ƙarfen, ya kalli titin da ya miƙe zuwa Nijar, ya runtse ido.

Tun daga gida ya ce kada a kashe motar a shinge. Sai dai tun da ciwon ya taɓa shi harshensa ya yi nauyi, Zubair kuma ya amsa da "to, Baba" ba tare da ya ji abin da aka ce ba. Da suka iso Magama jami'in ya ce a buɗe but, sai Zubair, wanda ya saba da motocin zamani a Kaduna, ya kashe inji, ya zare makulli, ya zagaya baya yana neman inda zai zura. But ɗin motar nan kuwa tun kafin a haife shi ya daina jin makulli. Duka ɗaya ake yi masa da gefen hannu a kusurwar hagu, sai ya wangame baki. Sa'adiyya ce ta fita ta yi dukan. Ko da Zubair ya dawo mazauninsa sitiyari ya riga ya kulle, tayoyin gaba sun karkace suna kallon kwata, makulli ya ƙi juyawa. Manyan motoci a baya suka dame shi da hon. Ya sa ƙarfi.

Nan da nan kanikawan bakin titi suka yanyame su. Wani ya ce a ba shi guduma da cizal ya fasa wurin, ya haɗa waya, kafin a sha kofin shayi mota ta tashi. Wani ya riga ya fara leƙa ƙarƙashin sitiyari. Jami'in, dattijo ne mai haƙuri, ya sunkuyo ta taga ya ce shi dai shawara zai bayar: motar da aka fasa wa wurin makulli, wayoyi na reto, ko shi ya bar ta jandarmomin can ba za su bar ta ba, za su ce ta sata ce, a kwana ana bayani.

Malam Ummaru ya buɗe ido. "Kar wanda ya kusance ta da guduma."

Wannan kam kowa ya ji shi.

Fijo ce 404, fara, wadda mutanen Maraɗi ke kira Katsankat, har sunan ya bi mai ita. A Jibiya idan ka ce Malam Ummaru sai a tambaye ka wanne, amma idan ka ce Ummaru Katsankat ko mai tallan goro zai nuna maka gidan. Ta daɗe a rumfa an lulluɓe ta da tabarmi, ana tayar da ita ran Juma'a kawai don kada inji ya yi tsatsa. Abin da ya fito da ita yau waya ce da aka bugo da sassafe daga Ɗan Isa, garin farko in an tsallaka iyaka. Mutmainna ce, ɗiyar Kalilu, aminin Malam Ummaru tun suna samari. Ta ce jikin tsohon ya yi tsanani, ya daina karɓar ko koko, kuma maganarsa ɗaya ce tun jiya: a ce wa Ummaru ya zo, ya zo da Katsankat. Kalilu ya makance da jimawa. Ba ganin motar yake so ba, jin ta yake so.

'Yan dako suka taru suka cicciɓi gaban motar, da tsohon a ciki, suka karkata ta zuwa gindin wata bishiyar bedi don hanya ta buɗe. Zubair, gumi ya jiƙe masa riga, ya ce a bar ta nan kawai, ga motocin haya birjik, yanzun nan su kai Baba, ai ran mutum ya fi ƙarfe. Sa'adiyya ta ga gaskiyarsa. Amma da ta kalli fuskar mahaifinta ta san ko an ɗaga shi an sa a wata motar, gangar jikinsa kawai za a kai.

Sai ta tuna akwai ɗaya makullin. Ta koma gefe ta kira Mutmainna, ta ce a ciro wanda ke wuyan Baba Kalilu a ba ɗan acaɓa ya kawo Magama. Mutmainna ta ce ai babu shi. Tun daminar bara suka lura igiyar ba ta wuyansa, sun duba ƙarƙashin katifa, sun duba aljihunan riguna, in an tambaye shi sai ya juya fuska bango. Ta ƙara da cewa, cikin ƙaramar murya, su dai yi sauri.

Sa'adiyya ta dawo ta faɗa wa mahaifinta. Ya daɗe yana kallon gilashin gaba.

"Yaro," ya ce.

Zubair ya matso ya ce ga shi. Tsohon ya girgiza kai. Sa'adiyya ta riga ta gyara mayafi ta nufi layin kasuwa.

Yaron ya haura saba'in. Irmiya sunansa, mutumin Gangara, kansa fari fat, tabarau ɗaure da zare a ƙeya. Rumfarsa na bayan masu sayar da taya, kwaɗuna da fitilu da tsofaffin agogo rataye ko'ina. Shi ne karen motar Katsankat a zamanin da take jigila tsakanin Jibiya da Maraɗi, kafin ya koyi gyaran makulli ya zauna wuri ɗaya. Yana ganin ta ya ture tabaran sama.

"Fasinja, ke ce da rana tsaka? Ina Maigida?"

Ta ba shi labari a tsaye. Bai tambayi komai ba, ya tattara magagari da kyandir da wani gwangwanin madara cike da makullai, ya ce wa maƙwabcinsa ya duba masa rumfa, ya bi ta yana ɗingishi.

Da suka iso ya durƙusa ta wajen tagar tsohon ya gaishe shi kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Malam Ummaru ya dube shi sama da ƙasa ya ce ya tsufa. Irmiya ya ce ai dole, wanda ya yi ƙuruciyarsa yana tura wannan akwalar a yashin Ɗan Isa ba zai ƙi tsufa da wuri ba. Tsohon ya ce ƙarya yake, barci yake yi a kan buhunan gyaɗa, sai an isa tasha a tashe shi. Gefen bakinsa mai lafiya ya motsa. Rabon Sa'adiyya da ta ga haka tun kafin ciwon.

Irmiya ya zagaya ya zauna a bakin ƙofar direba. Ya fere wani siririn bakin zarto har ya koma kamar tsinke, ya zura shi a gefen ramin, ya karkatar da kai kamar mai sauraron wani abu. Kanikawan suka tsaya kallo. Ya ja, ya kuɓuce. Ya sake, ya ɗiga ɗan mai, ya ja a hankali. Guntun ya leƙo, ya kama shi da farce ya zaro. Ya karɓi kan daga hannun Zubair ya haɗa su a kan gwiwarsa. Haƙoran sun cinye, sun yi sumul kamar na tsohuwar akuya.

Ya zazzage gwangwanin a kan tsumma, ya yi ta tonawa har ya ciro wani ɗanyen makulli na tagulla wanda ba a taɓa yi wa haƙora ba. Ya ce wannan ya fi Zubair shekaru, daga Maraɗi ya zo da shi, ya ajiye ne don ya san wata rana za a zo nan. Amma bai ɗauki magagari ba. Ya ce shi a sana'arsa ba ya yanka makulli sai mai abu ya ce a yanka da bakinsa, ko da kuwa 'ya'yansa ne suka kawo aikin.

"Maigida, in yanka?"

"Makulli biyu ne," in ji Malam Ummaru. "Babu na uku."

Zubair ya juya baya ya dafe kai. Sa'adiyya ta san maganar, don da ita aka raine su. Baba da Kalilu direbobin wani attajirin gyaɗa ne a Maraɗi. Da harkar ta mutu ya sallame su, sai ya ba su motar su biyu, ya miƙa wa kowa makulli ɗaya, ya ce su raba yadda suka ga dama. Kowa ya zaci za su sayar. Su kuwa suka raba kwanaki: mako ɗaya tana hannun Ummaru a Jibiya, mako ɗaya tana hannun Kalilu a Ɗan Isa, ranar kasuwa a haɗu a nan Magama a yi musaya, a ci tsire a kan bonet. Ba takarda, ba shaida. Sharaɗinsu ɗaya ne: mai makulli shi ke da rabi, don haka ba a yanka na uku. Matansu sun yi magana sun gaji. Ita kanta Sa'adiyya, da ta fara aiki a Katsina, ta taɓa cewa a ba ta ta kai a yi masa kwafi da inji don gudun irin wannan rana. Mako guda bai amsa gaisuwarta ba.

Ta durƙusa a bakin tagar. Ta ce Baba Kalilu na can yana jira, kuma ba su san iya jiran da ya rage masa ba. Ta ce ga rana ta karkata, hanyar nan kuma yanzu ba a bari duhu ya riski mutum a kanta. Tsohon ya ce shi bai taɓa saɓa wa Kalilu ba yana da ido, ba zai fara ba yanzu da ba ya gani.

Irmiya ya yi ta juya kan tsohon makullin a hannu. Faffaɗa ne, ya yi baƙi, tsakiyarsa ta lotsa daidai inda babban yatsa ke zama.

"Maigida, da muka canza mata inji a shekarar fari, ta zama wata motar?"

"A'a."

"Da muka canza ƙofar nan da raƙumi ya lotsa?"

Tsohon ya harare shi.

"To ni ba na uku zan yanka ba. Kan nan naka ne, igiyar taka ce. Ƙafa kawai zan sa mishi."

Mai shayin da ke gefe ya daina fifita wuta. Malam Ummaru ya miƙa hannun hagu, ya karɓi kan makullin, ya shafa lotsawar da yatsa. Ya mayar.

"Sa mishi."

Irmiya ya kunna kyandir a cikin inuwar ƙofa. Ya jera tsohon da sabon, ya zana haƙoran da bakin allura, ya fara gurzawa. In ya ɗan ci sai ya kanga makullin a kan harshen wuta har ya yi baƙi ƙirin, ya zura a rami, ya ɗan murɗa, ya zaro. Inda baƙin hayaƙin ya goge, nan ƙarfe ke tokarewa, nan zai ƙara ci. Garin tagulla ya riƙa zuba a kan wandonsa.

Hannunsa na aiki, bakinsa ma na yi. Ya tambayi Zubair ko ya san dalilin da ake ce wa yayarsa Fasinja. Zubair ya ce ya san dai a mota aka haife ta. Irmiya ya ce a wannan kujerar ta baya, kuma ba nisa da inda suke. Makon Kalilu ne. Mahaifiyarsu, marigayiya Ummu Salma, ta je ganin gida a Ɗan Isa, naƙuda ta kama ta, ta ce ita sai a Jibiya za ta haihu. Kalilu ya sauke fasinjojinsa kaf, ya ɗauko ta da wata gwaggonta, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Suna zuwa Magama gwaggon ta ce a tsaya, zance ya ƙare. Kalilu ya fita ya tsaya cikin ruwa ya ba motar baya, shi kuma Irmiya aka ba shi tabarma ya kare taga, idonsa a rufe, yana addu'a irin tasu ta Kirista, Kalilu na yin irin tasu. Da kukan jaririya ya tashi, Kalilu ya ce to, an ƙara fasinja a hanya, ya shiga ya danna hon tun daga nan har ƙofar gidan Ummaru.

Sa'adiyya ta ji labarin nan ba adadi, amma ba ta taɓa jin sa tana tsaye a wurin ba. Ta leƙa kujerar. Ledar ja ce a da, yanzu ta koma kalar ƙasa, ga ɗinkin da mahaifiyarta ta yi da zaren buhu a inda ta yage. Ƙamshin nan na nan, fetur da goro da tsohuwar leda. A nan suke cunkushewa ranar sallah, ita da 'ya'yan Kalilu, ƙafa kan ƙafa, a tafi Maraɗi cin burodi mai tsawo. A lokacin shingen nan igiya ce kawai, mai tsaronta kuma in ya hango Katsankat sauke ta yake yi tun daga nesa, don ya san wani ƙullin magani aka ba Baba ya kai wa wata tsohuwa, ko saƙon rasuwa, ko amarya.

Wayarta ta yi ƙara. Mutmainna ce. Ta ce ya farka ya tambaya ko an ji mota, sun ce masa tana hanya. Sa'adiyya ta ce a ce masa sun kusa.

Irmiya ya yanke kan sabon makullin, ya aiki wani bakanike da tsohon kan da sabuwar ƙafar wajen mai walda a tsallaken titi, ya ja masa kunne cewa ɗigo kaɗan, kar a ƙona masa lotsawar. Aka dawo da shi da zafinsa. Ya tsoma a kofin ruwan mai shayi, ya goge, ya mayar da igiyar fatar. Ya miƙa wa Zubair. Zubair ya ɓoye hannuwa a baya ya ce shi kam ya tuba.

Irmiya ya zura da kansa. Ya murɗa. Makullin bai motsa ba.

Ya zaro, ya sake kangawa a wuta, ya gwada, ya ɗaga shi sama yana dubawa ta ƙasan tabarau. Ya ce haƙoran sun zauna, ko'ina ya goge daidai, in ya ƙara ci zai ɓata. Ya sake gwadawa a hankali. Shiru. Mai gudumar ya yi gyaran murya. Irmiya ya ce shi iyakar aikinsa ke nan, saura na hannu, kuma duk shekarun da ya yi yana bin motar nan ba a taɓa bari ya riƙe makullinta ba, balle ya san yadda ake lallashinta.

Malam Ummaru ya yunƙura ya miƙo hannun hagu. Bai kai ba. Ya sake yunƙurawa, yatsunsa suka taɓa igiyar, suka zame. Ya buɗe baki zai yi bayani, kalmomin suka cakuɗe, ya yi ta maimaita abu ɗaya ba wanda ya gane. Ya koma ya jingina, numfashinsa na fita da ƙarfi. Sa'adiyya ta kawar da kai don kada ya ga ta gani.

"Fasinja," ya ce da ƙyar. "Zauna."

Tana da motarta a Katsina, ta daɗe tana tuƙi, amma ba ta taɓa zama a wannan kujerar ba. Ta zauna. Sitiyarin ya fi wanda ta saba faɗi, siriri, ya yi santsi. Ta kama kan makullin, yatsanta ya faɗa cikin lotsawar. Ta murɗa, ya ƙi.

Ta saki. Ta rufe ido ta nemo shi yadda yake a da, da farar hula da goro a kunci, ita kuma tana tsaye a baya ta rungume kujerarsa tana leƙe. Yakan zura makulli har ƙarshe. Sannan ya ce bismillahi, a hankali, yana jan ta. Tana yarinya ta ɗauka tsayawar ta addu'a ce kawai. Amma yanzu ta ga hannun: yana faɗa yana ɗan janyo makullin baya, kamar ƙwayar gero, hannun hagu kuma na rausayar da sitiyari.

Ta tura shi har ƙarshe. Ta ce bismillahi. Ta janyo kaɗan, ta rausaya sitiyarin.

Wani abu ya yi ƙas a ciki, sitiyarin ya saki. Ta murɗa. Katsankat ta yi tari, ta yi tari, ta kama, duk jikinta na karkarwa. Kanikawan suka sa ihu, jami'in ya ɗaga sanda tun ba su motsa ba. Irmiya ya tattara kayansa yana cewa shi ba zai bi su ba, ya tura rabonsa, amma a gaishe da Kalilu, a ce masa Yaro na nan.

Giyar a jikin sitiyari take. Malam Ummaru ya ɗora hannun hagu a kan nata ya nuna mata ta farko. A shingen jandarmomi ba ta kashe ba. Zubair ne ya fita da takardu, kuma da aka ce a buɗe but shi ya yi dukan a kusurwar hagu, ya dawo yana murmushi kamar an ba shi sarauta.

Suna shiga layin gidan Kalilu tsohon ya ce ta danna. Ta san yadda ake yi, duk yaran Jibiya na zamaninta sun sani: dogo ɗaya, gajeru biyu. Ba ta gama ba ta hango mutane a ƙofar gida. Mutmainna ta ce tun suna kwanar masallaci, kafin hon, Baba Kalilu ya ɗaga kai ya ce ga ta nan, a fitar da shi.

A kan tabarma aka fito da shi, ya rame har ba ta gane shi ba sai da ya yi magana. Ya ce a matsar da shi. Ya ɗora tafin hannu a kan bonet mai zafi ya bar shi nan, injin na bugawa a ƙarƙashi. Aka fito da Malam Ummaru aka zaunar da shi kusa. Ba su gaisa ba. Kalilu ya ce fulogi ɗaya ba ya ci sosai, kuma wani baƙin mai ake zuba mata mai arha, shi ya san za a lalatar da ita in ba ya nan. Malam Ummaru ya ce wanda ya taɓa tsallaka gulbi da ita ba shi da bakin magana. Hannun wannan na kan na wancan, a kan ƙarfen.

Can Kalilu ya ce ba Ummaru ne ya shigo da ita ba, ya ji canjin giyar, hannun ya fi taushi.

"Fasinja ce," in ji Malam Ummaru.

Kalilu ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce ta zo. Ta durƙusa, ya lalubo kanta ya dafa. Malam Ummaru ya faɗa masa abin da ya faru a Magama, bai rage komai ba, har ƙafar da aka sa wa makulli. Sannan ya tambaye shi ina nasa.

Kalilu ya juya fuska. "Ya tahi da jimawa," ya ce. "Bar wannan. Rabina na ɗiyar nan ne, a cikinta anka haife ta. Ka ce ma Yaro ya yanka mata nata. Ni na ce."

Ba su daɗe ba, don rana ta yi ƙasa. Da za su tafi ya ce kada a mayar da shi ciki sai ƙarar ta ɓace. Sa'adiyya ta ja motar a hankali, tana kallon sa ta madubi, ya karkatar da kai yana bin su da kunne. A kwanar masallaci ta danna masa dogo ɗaya, gajeru biyu. Mahaifinta bai waiwaya ba, amma ta ga yana share fuska da hannun riga.

Sun iso Magama rana ta yi ja, masu rumfuna na ta kwashe kaya. Ta tsaya a gindin bedin nan, ta kashe motar da hannunta, ta zare makullin. Malam Ummaru ya aika Zubair ya kira Irmiya, ya faɗa masa da bakinsa, sarai, cewa a yanka wa Fasinja, Kalilu ya ce. Irmiya ya ce wannan kuma aikin rumfa ne, ba na gwiwa ba. Ta bi shi da makullin, Zubair ya tafi nemo wa Baba ruwa, aka bar tsohon a kujerarsa yana hutawa.

Irmiya ya sake zazzage gwangwanin, ya yi ta tonawa yana mita, har ya samo wani ɗanyen da zai yi. Ya matse shi tare da na Baban, ya ɗauki magagari. Ya ce wannan zai yi masa kai mai faɗi, sauran lotsawar kuma ita za ta yi da yatsanta, in Allah ya ba ta shekaru. Tana dariya ke nan ta ji inji ya tashi a bayanta.

Ta san tarin. Ta dubi gaban Irmiya: makullin Baba na nan a matse, igiyarsa na reto.

Ta fita da gudu, mayafi a hannu. Katsankat na tsaye inda ta bar ta, tana karkarwa. A kujerar direba wani dogon mutum ne da ba ta taɓa gani ba, da rawani mai ruwan toka da jakar tafiya a kan cinya. Malam Ummaru na gefensa, ya ƙura wa hannun mutumin ido. A gindin sitiyari wata tsohuwar igiyar fata ce ke lilo, irin tasu sak: makullin Kalilu ne, wanda aka nema aka rasa.

"Tashi ɗaya," tsohon ya ce mata. "Ya ja makullin baya. Ya san ja baya."

Baƙon ya sauke rawanin daga bakinsa, ya gaishe ta cikin ladabi da Hausar mutanen can. Ya ce ya yi ta tambaya tun daga Maraɗi, an ce masa a nan ake musaya.

"An ce mai makulli shi ke da rabi," ya ce. "To, na taho ɗaukar makona."